Bencin da ke Kan Rufin Hoyt Ledbetter

Duk garin Laurel Gap, can cikin duwatsun Carolina ta Arewa a Amurka, babu wanda ya kai Hoyt Ledbetter son tseren mota, kuma babu wanda ya kai shi ƙin sayen tikiti. Gidansu yana kan tudu, daidai bayan katangar filin tsere. Tun kafin a haife shi ubansa ya kafa benci a kan rufin kwano, ya ɗaure shi da waya a jikin bututun hayaƙi. Ranar da aka haifi Hoyt ma Lahadin tsere ce. Da ungozoma ta leƙo ta ce an samu namiji, uban daga sama ya ce a riƙe masa shi tukuna, motoci sun kusa ɓullowa.

Abin da Hoyt ba ya son a tuna masa shi ne, daga bencin nan ba a ganin filin duka. Hanyar tseren kwana huɗu gare ta, wato lanƙwasa huɗu, shi kuwa ta ukun kaɗai yake gani. Motoci su fito daga bayan wani allon talla, su sha kwana suna gogar juna, su shige bayan tankin ruwa, shi ke nan. Sauran labari sai a rediyon da yake mannawa a kunne. Amma ka kuskura ka faɗa masa haka, ka ga tashin hankali.

"A kwana ta uku ake cin tsere," in ji shi. "Sauran duk ƙona mai ne."

In ka ce masa ya shiga ciki sau ɗaya ya gani, sai ya yi maka kallon tausayi. "In biya kuɗi in kalli abin da Allah ya ajiye mini a bayan gida? Kai dai ka je, tunda aljihunka na ƙaiƙayi."

A masana'antar kujeru ya yi aiki har ya tsufa, amma jadawalin tsere ne ke juya rayuwarsa. Sai masu shirya gasa sun fitar da ranakun shekara yake sanin ranar da zai je cire haƙori. Matarsa Verlene kaza take soyawa a wata rumfa cikin filin, ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, kullum bayanta ga hanya, fuskarta ga kasko. A kan rufin nan ya nemi aurenta, ranar da ta samu hutu, lokacin da aka tsayar da tsere ana kwashe tarkacen wata mota. Da ta tsaya jan aji sai ya ce ta daure ta hanzarta, an kusa ɗaga koriyar tutar ci gaba da tsere. Ta yarda, ta sauko cikin fushi tun kafin motocin su tashi, ba ta kuma ƙara taka tsanin nan ba.

Ana nan, sai wata shekara jadawali ya fito babu Laurel Gap a ciki. Manyan gasa suka ce filin ya tsufa, kujeru ba sa cika, makomar wasan tana manyan birane. Suka kwashi tseren suka kai hamada, suka kai bakin teku, har tsakiyar titunan birni suka kai, inda motoci ke lallaɓawa tsakanin benaye kamar masu neman wurin fakin. Gari ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Aka kira taro a zauren coci, kuma kafin fasto ya gama addu'ar buɗewa Hoyt ya miƙe tsaye.

"Cin amana ne!" ya ce, yana dukan tebur. "Mu da muka ba wasan nan ƙuruciyarmu! Wai kujeru ba sa cika. Laifin wa? Laifin marowata, masu zama a gida!"

Yayan Verlene, wani dogo mai suna Dewey, wanda bai taɓa barin Hoyt ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba, ya ɗaga hannu daga baya.

"Suruki, taimaka ka nuna wa jama'a guntun tikitinka ko guda ɗaya, mu tura musu shaida."

Zaure ya fashe da dariya, har fasto ya ɓoye fuska a bayan littafin waƙoƙi. Hoyt ya ce shi da zuciya yake biya, ya ɗauki hularsa ya fita.

Dariya dai an yi ta, amma Allah Sarki, abin ya ci mutumin nan ƙwarai. Shekara na bin shekara, ciyawa ta tsaga kwalta, bishiyoyi suka tsiro a tsakanin kujeru, awakin wani manomi suka mayar da wurin nasu. Shi kuwa duk Lahadi sai ya hau rufi da rediyonsa da shayinsa mai ƙanƙara, ya saurari tseren da ake yi a wata uwa duniya, idonsa a kan kwanar da babu kowa. Ran Asabar ya bi ta wata ɓarakar katanga da fartanya ya share ciyawa. Kwana ta uku kaɗai yake sharewa, fes kamar falon amarya. Sauran filin ko ya zama daji, wannan ba ruwansa.

"Tsoho, ka sauko ka ci abinci," Verlene za ta kira shi daga ƙasa. "Awaki ne fa kawai."

"Na sani. Baƙar can ce a gaba."

Gashinsa ya gama fari, gwiwoyi suka fara kuka da tsani, sai ga labari. Manyan nan da suka ce makomar wasa tana birni sun sake zama, sun gano cewa ashe makomar tana tsofaffin filaye. An mayar da Laurel Gap cikin jadawali. Ranar Hoyt ya rungumi Dewey a tsakiyar kanti, abin da su duka biyun suke musantawa har yau. Ya sayo fenti ya shafa wa benci, ya sake wayar ɗauri, ya sayi batir sabo.

Sai ma'aikata suka iso da ƙarafa. Wai za a ƙara kujeru, tunda yanzu kowa na son zuwa. Kuma duk faɗin filin nan ba su ga wurin kafa sabon dandamali ba sai bayan kwana ta uku. Hoyt yana zaune a kan bencinsa yana kallo abin yana tashi, hawa kan hawa, har ya shafe allon talla, ya shafe tankin ruwa, ya shafe kwanar ɗungurungum. Abin da ya rage masa shi ne bangon ƙarfe da ƙofar bayan gida ta maza.

Bai saduda ba. Ya ɗora tsani a kan bencin, bai kai ba. Ya ɗaure kujerar kicin a reshen wata doguwar bishiya, ya hau lafiya, saukowa ta gagara. Masu kashe gobara ne suka zo suka sauko da shi kamar mage, rabin gari na kallo, Dewey na ba su shawara su bar shi can har ranar tsere.

Da yamma Verlene ta ajiye masa tikiti biyu kusa da farantin gurasar masara. Ta daina suya tuntuni, kuma ta zaɓi kujeru mafi kyau, daidai layin ƙarewa.

"Ba ni zuwa," ya ce.

"Kar ka zo. Zauna ka ƙirga masu shiga bayan gida."

Ranar Lahadi ta tafi ta bar masa nasa a kan tebur. Ya hau rufi don taurin kai, ya zauna yana fuskantar ƙarfe. Can sai aka tada injuna gaba ɗaya. Kwanon rufin ya hau rawa a ƙarƙashinsa kamar da, ƙamshin mai da taya ya taso, ga shi ba ya ganin komai. Tsohon nan ya fashe da kuka, kuka sosai, har da majina. Ya sauko, ya ɗauki tikiti, ya miƙa wa mai tsaron ƙofa yana kallon gefe kamar wanda aka kama da kayan sata.

Da ya zauna kusa da Verlene ya ɗaga ido, sai ya riƙe baki. "Iyakarsa ke nan? Ɗan wannan kwanon shan?" Shi duk zatonsa in motocin suka shige bayan tanki tafiya ce mai nisa suke yi. Ya ce bari ya kalla. Ya bi jar mota da ido, shuɗiya ta wuce. Ya juya ga shuɗiya, aka yi karo a can gefe. Kafin ya waiwaya an wuce wurin. Wuya ya ƙage, jiri ya ɗebe shi.

"Kai, wannan ai hauka ne! Mutum ya kalli ina ya bar ina?"

Ya tashi yana dafa kafaɗun mutane, ya nufi sabon dandamalin da ya tsana. A can ƙarshe ya samu kujerar da ta fi kowace muni, an matse ta tsakanin wani ƙaton ginshiƙi da allon talla. Wani baƙo daga nesa yana zaune a kai, yana ta leƙe yana tsaki. Hoyt ya miƙa masa tikitin layin ƙarewa. Mutumin ya duba, ya sake dubawa, ya ruga da gudu kafin tsohon ya dawo hayyacinsa.

Hoyt ya zauna, ya manna rediyo a kunne. Kwana ta uku ce kaɗai a gabansa, ga ta nan kusa, har yana iya gane wuraren da ya sha fama da ciyawa. Numfashinsa ya daidaita.

Ba a jima ba sai ga Verlene tana haki, ta baro kujerarta mai kyau. Ta ture shi ya matsa, suka raba kujera ɗaya. Ta dubi ginshiƙi, ta dubi allo, ta dubi ɗan guntun kwaltar da ke tsakani.

"Abin da ka kwashe rayuwarka kana kallo ke nan? Don wannan ka ce in hanzarta in amsa maka?"

"Yi shiru ki gani."

Sai ga su sun ɓullo, uku a jere, ƙofa na gogar ƙofa, tartsatsi na tashi, ta wajen tana lasar katanga. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana jin ƙarar nan ta bayanta ta ƙwalla ihu, ta damƙe hannunsa har farce ya shiga. Kafin ta rufe baki sun shige bayan ginshiƙi.

"Wayyo, Hoyt, ina suka tafi?"

Ya dafa hannunta, idonsa yana kan kwanar da ta koma babu kowa.

"Zauna kawai," ya ce. "Za su dawo."