Rubu'in Murfi a Gonar Zakariya'u

A wani ƙauye can cikin kwarin Keita, in kana neman Zakariya'u ba sai ka tambayi kowa ba. Nemi gonar da babu haki ko ƙwaya ɗaya, za ka same shi a duƙe cikinta. Shekara arba'in yana noma, ƙarangiya ba ta taɓa yin ƙaya a gonarsa ba. Ba shi da shanu, ba shi da babur, bai je Makka ba. Sunan nan na manomi shi ne duk abin da ya tara, kuma yana ji da shi kamar tsoka ɗaya a miya. Sai kuma wani hali nasa da kowa ya sani: in ya ce "na yarda", to magana ta ƙare.

Faruƙ ɗan ƙanwarsa ne. Zakariya'u ne ya riƙe shi tun rasuwar uwar, ya sa shi lakkwal, wato makarantar boko, har ya zama malamin gona a wani furoje, shirin taimakon manoma. Bara da bazara Faruƙ ya zo da irin waken suya da kwalbar maganin haki.

"Kawu, sabon noma na kawo maka. Ba huɗa, ba hauya. Ka bar karan hatsi kwance, ka shuka a tsakani, ka yi feshi. Wasu murfin kwalba guda za su zuba a famfon feshi, kai rubu'i za ka zuba."

"Hakin hwa?"

"Aikin magani ne. Amma ka yi mini alkawari, hauya ba za ta shiga ba sai baƙi sun zo sun gani."

"Na yarda."

Ruwa ya sauka, wake ya tsiro, haki ya tsiro tare da shi. Ka ga maganin nan? Ko gezau hakin bai yi ba, sai ka ce taki aka zuba masa. Kafin wata guda ƙarangiya ta shanye waken. Zakariya'u kan tsaya bakin gona hannu a baya, don kada hannun ya ci amanarsa ya tuge wani abu. Matarsa Cima ta gaji da gorin mata a bakin rijiya, ta ce, "Malam, in ciwo ne ka faɗa mini." Ya ce alkawari ne.

Maƙwabta ma ciwon suka zata. Wata safiya Almu, abokinsa tun na ƙuruciya, ya taho da maza goma sha ɗaya, kowa da hauya a kafaɗa, gayya ba tare da an roƙa ba. Irin wannan karamci ba kowa ake yi wa ba. Zakariya'u ya tare su a kan iyaka, ya ce su koma.

"Mi ka ce?" in ji Almu. "Gayya kake kora, Zakariya'u?"

"Na ba da magana."

Suka juya, ba wanda ya waiwayo. A ƙauyen nan, wanda ya kori gayya sau ɗaya ba a sake kai masa.

Ranar gani, motoci uku suka zo daga Tawa, manoman ƙauyuka bakwai suka taru. Faruƙ ya riƙe lasifika, ya fara kai su gonar wani manomi, Jima. "Nan murfi guda ne." Gonar tas, ba haki. Ya kai su ta gaba. "Nan rabi ne, kun ga rabin ma ya wadatar." Sannan ya jawo taron zuwa gonar kawunsa.

"Wannan kuwa rubu'i ne. Tun farko mun san ba zai yi ba. Mun sa shi ne don ku ga abin da ke samun mai rowar magani."

Aka kwashe da dariya, aka ɗaga wayoyi ana ɗaukar hoto. Wani baƙo ya tambaya gonar wane rago ce wannan, alhali mai ita na tsaye kusa da shi da sabuwar rigarsa ta salla. Kai, jama'a!

Da taro ya watse, Zakariya'u ya riƙo hannun Faruƙ. "Ka sani?"

"Kawu, dole a samu gona guda da za ta lalace. Duk wanda na ba, sati biyu zai sa hauya ya ɓata mana gwaji. Kai kaɗai ne in ka ce ka yarda ba ka tashi."

Zakariya'u ya saki hannun. Da zaginsa yaron ya yi, da ya fi sauƙi. Abin da ya ƙona masa rai shi ne, halin nan nasa na kirki aka bi aka kama shi da shi, kuma wanda ya ci tuwon gonar shekara ashirin ne ya yi.

Washegari ya ɗauki hauya. Waken ya riga ya mutu, babu abin ceto, amma ya duƙa ya nome gonar tun daga wannan iyaka har waccan, ƙaya na cin ƙafarsa. Kwana tara ya yi. Almu ya wuce ta bakin gonar sau biyu da hauya a kafaɗa, ya yi masa sannu da aiki, ya wuce.