Mai Zagina da Mai Gaishe Ni a Hanyar Yamai

Tibiri

Kafin kiran assalatu Inna ta tashe ni. Ta riga ta ɗinka mini aljihu a cikin riga, daidai ƙirji, inda na saka takardar bak ɗina ta asali, wato shaidar gama sakandare, da ta haihuwa. Idan suka ɓata, rajistar jami'a ta bana ta wuce ni. Ban taɓa wuce Doso ba, kuma ba mu da kowa a Yamai. Abin da nake da shi kawai waya ce, da wani grup na ɗaliban Arewa, ƙasarmu ta Arawa, mazauna Yamai da ɗan ajinmu ya saka ni ciki.

Ni a grup karantawa nake yi, ba na magana. Sau ɗaya na tambayi inda ake kai dosiye, wato takardun rajista, sai mutum biyu suka biyo ni ta gefe. Na farko ya ce sunansa Yaya Nura, ɗan Matankari. Hoton masallaci ne a kan lambarsa. Kowace safiya yana gaishe ni, ya tambayi lafiyar Inna, ya ce in kawo masa takardun ya shigar mini ba tare da bin layi ba. Na biyu bai saka suna ba sai "Ubangidanku", hotonsa kuwa raƙumi. Saƙonsa na farko shi ne: "Sabon bawa na tafe? Ka zo da tsintsiya." Na amsa masa da ladabi, na ce na gode. Ya turo saƙon murya, ban ko saurara ba na toshe lambar.

Ina ɗaure jaka Inna ta ce, "Wanga Nura ɗan gidan wa ne a Matankari?"

"Bai hwaɗi ba."

"Ka tambaye shi?"

"Na ji kunya, Inna."

"To ji kunyarka, amma hannunka bisa ƙirji."

Kore Mairuwa

Motar kasuwa ta sauke ni bakin kwalta rana na fitowa. Na sha shayi da burodi ina jiran babbar motar da ke tasowa daga Dogon Dutsi. Nan saƙon Yaya Nura ya shigo, yana tambayar launin rigata. Na ce shuɗiya ce. Sai na daure na yi masa tambayar Inna. Ya ce, "Ai duk Matankari gidanmu ne, ƙanena." Na kira shi kiran bidiyo, ya kashe, ya rubuto cewa kyamararsa ta lalace. Na koma farkon hirarmu na karanta a hankali. Ya san sunan mahaifiyata, ya san ranar tafiyata, ya san abin da ke ƙirjina. Ni kuwa masallaci kawai na sani.

A mota na samu kujera kusa da wata dattijuwa, Hajiya Rabi, 'yar kasuwar Dogon Dutsi mai kai man gyaɗa Yamai. Ba mu kai Bolbol ba ta ce, "Ɗana, wayar ga budurwa ce? Tun ɗazu ba ka ɗaga kai ba."

Ban san abin da ya sa na ba ta labarin ba. Ta ce ba ta karatu, in kunna mata muryoyinsu. Ta saurari ta Yaya Nura har ƙarshe, ta ce, "Bakinshi da zaƙi." Na kunna ta mai raƙumi, wadda ban taɓa saurara ba. Wata murya mai kauri ta ce, "Kai Ba'are, ka bar doguwarku ta bori gida, ba ni da wurin kwanan mutum biyu. Ɗaki na nan, tabarma na nan, shara na jiranka."

Hajiya ta yi dariya har ta riƙe kujerar gaba. "Ba ka ji harshenshi ba? Babarbare ne. Taubashinka na ba ka masauki, kai kuma ka toshe shi."

Na san wasan da ke tsakaninmu Arawa da Barebari. A kasuwar Tibiri akwai wani Babarbare mai kanwa da ke cire hular babana duk ranar kasuwa, ya ce bawa ba ya saka hula gaban ubangidansa. Amma can ina ganin fuska da zane da murmushi. A waya raƙumi kawai na gani.

Na ce, "Hajiya, ɓarawo ma na iya koyon wasa."

"Yana iyawa. Tambaye su zancen takardun duka biyu, ka ji."

Doso

Jandarmomi suka duba katinmu a shinge, muka shiga tasha da hantsi. Hajiya ta sayo mana ƙosai. Na buɗe lambar da na toshe, na aika wa kowannensu tambaya iri ɗaya: wa zan ba takarduna?

Yaya Nura ya amsa nan take: "Ni za ka ba. Kada ka kai tasha, ɓarayi sun yi yawa. Ka sauka a gidan man da ke mashigar gari."

Mai raƙumi sai da muka wuce Birnin Gawre ya amsa: "Kada ka ba kowa, har ni. Da hannunka za ka miƙa, ka karɓi shaida. Ko bawa ya kamata ya san wannan."

Na karanta wa Hajiya. Ta ce, "To?" Na ciro tsohuwar jaket ɗita daga jaka na rufe shuɗiyar rigar, duk da zafin da ake yi.

Yamai

Da muka iso mashigar gari bayan azahar, motar ta rage gudu kusa da gidan man. Akwai mutane tsaitsaye, wasu kan babura. Wayata ta yi ƙara, ta katse, ta sake yi. Na sunkuyar da kai har muka wuce. Ban san wanne ne shi a cikinsu ba, ko ma yana wurin.

A tasha wani dogon saurayi mai zane a kumatu yana leƙa tagogi yana cewa, "Ina bawana na Tibiri?" Shi ne mai raƙumin, sunansa Bukar, ɗan wajen Difa. A Dogon Dutsi ya yi lise, wato sakandare, lokacin da babansa ke aiki can, shi ya sa yake cikin grup ɗinmu. Hajiya ta ƙare masa kallo, ta ce, "Ka riƙe ubangidanka da kyau, Babarbare." Ya ce, "Hajiya, ke ma a lissafin gadona kike."

Muka haye gada zuwa Harobanda, inda yake zaune da wasu ɗalibai biyu. Aka ba ni shinkafa da wake da tabarma. Gaskiya ita ce ban yarda da shi ba tukuna, da rigata na kwana.

Da safe ya kai ni har ƙofar ofishin rajista, ya tsaya waje ƙarƙashin bishiya. Layin ya yi tsawo. Da na kai gaba, ma'aikaciyar ta duba na asalin, ta karɓi kwafi, ta miƙo mini nawa. Ashe ba a ma barin na asalin a wurin.

Na duba waya. Hoton masallacin ya ɓace, saƙonnin Yaya Nura na jiya duk an goge su. Bukar ya tambaya a grup, ba a samu wanda ya taɓa ganin fuskarsa ba, har 'yan Matankarin. Ba ni da shaidar cewa macuci ne, ba zan rubuta abin da ban gani ba. Na dai san takarduna suna ƙirjina.

Komawa gida

Kashegari da asuba Bukar ya raka ni tasha. Ya ce, "Ka ci, ka kwana, ba ka yi shara ba. Kuma kada ka sake ce mini na gode, kunya kake ba ni. Mu muka haife ku, ka sani ko?"

Tarihin nan yake nufi, da ke cewa ɗan sarkin Barno ne kakan Arawa. Na ce, "Da akwai tuwo a Barno, me ya kawo ɗan sarkinku Arewa?"

Ya bugi kafaɗata. "Ashe bawan yana da baki."

La'asar ta yi mini a Tibiri. Inna ta fara shafa ƙirjina kafin ta gaishe ni. Da ta ji wanda ya sauke ni, ta ce in danna mata wurin magana. Ta kai wayar bakinta ta ce, "Kai Babarbare, an ce ka yi aikinka. In yaro zai komo, zan aiko maka da dawon hura, don na san yunwa ke gare ku."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Hajiya Rabi. Bukar kuwa ya hana ni gode masa, don haka sai dai in ce bawana ya kyauta.