Ranar da na je kare bincikena hannu Rabbana

Shekarun baya, ina digiri na biyu, na ɗauko wa kaina bincike a kan abin da ke karkatar da mai yanke hukunci. Na bi alƙalan wasan ƙwallo a filayen Mando, na zauna da malamai masu duba jarrabawa, na sha zaman benci a ofisoshin masu ɗaukar ma'aikata. Kowa sai ya rantse shi gaskiya kawai yake bi. Amma abin da na gano iri ɗaya ne ko'ina: wanda aka tarba da abinci da lemo mai sanyi, hannunsa yakan yi laushi, shi kansa bai sani ba.

A lokacin wata kwaleji ta yi mini alƙawarin aikin koyarwa, da sharaɗin in kawo sakamako kafin shekara ta ƙare. A gidanmu na Unguwar Shanu har an fara ce mini malam.

To, sashenmu na da al'ada: ranar da ɗalibi zai kare bincikensa, shi ke ciyar da malaman da za su yi masa hukunci. Mahaifiyata ta ce, "Bari in soya musu kaji, in haɗa da dafa-duka." Na ce, "Haba Umma, abin da na rubuta a kansa ke nan fa." Ta dube ni ta ce, "Kai dai ka sani." Ni kuwa sarkin aƙida, na rungumi kundina na hau keke Napep.

Na tarar suna cin kazar wanda ya riga ni shiga. Shugaban zaman ya leƙa bayana, ya ga babu kular abinci, babu ko ruwan leda. Bai buɗe kundin ba ya ce, "Kai yaro, wato nufinka cinyar kaza za ta juya tunanin mai ilimi? Wannan ai cin mutunci ne, ba bincike ba." Yana faɗa yana share maiƙo daga yatsunsa. Na buɗe baki zan yi bayani, wani ya ce in koyi ladabi tukuna. Suka ce in je in gyara, in dawo baɗi.

Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Kwalejin ba ta jira ni ba, ta ɗauki wani.

Da shekara ta zagayo ban canza ko waƙafi ba, bango kawai na sake. Mahaifiyata ta wuni a gaban murhu, da ciwon bayanta da komai. Aka shigar da kuloli. Mutumin nan dai ya ci ya ƙoshi, ya juya shafi biyu ya ce, "Yauwa! Ka ga yanzu aiki ya nuna. Da ma gyara muke so."

Har yau idan na tuna, raina ɓaci yake. Ba aikin da na rasa ne ya fi ci mini rai ba. Masana ne suka tabbatar da bincikena a gaban idona, kuma sai da na ci amanarsa da hannuna sannan suka sa hannu. Takardar shaidar tana ƙasan akwati, ban taɓa rataye ta ba. Sunana ne a jiki, amma mahaifiyata ce ta ci jarrabawar.