Manhajar da Ta Ce Lafiya Lau

Shekara goma sha biyar ke nan da aka kai Yaya Sale makwancinsa a Birnin Kudu. A bana kuwa, cikin kunya nake tuna shi.

Yana cikin samarin da gwamnati ta tura waje karatun kwamfuta zamanin da kuɗin mai ke zuba. Da ya dawo, ni ƙanwarsa ya fara koya wa rubuta manhaja. Yakan ce manhaja gida ce, kowane abu a ciki da ɗakinsa da aikinsa. In abu ya gamu da kuskuren da ya fi ƙarfinsa, ya miƙa wa wanda ya aike shi, har maganar ta isa kunnen mai iya gyarawa. Abin da ya tsana shi ne a cafke kuskure a yi gum. "Binta," yakan ce, "mu ne ake tambaya ya jiki mu ce da sauƙi muna mutuwa. Kada ki koya wa na'ura wannan ladabin."

Yanzu ni ke koyarwa. Da damina wani ɗalibina, Nura, ya rubuta manhajar lura da sanyin firjin allurar rigakafin shanu a Fagam. Ma'aunin sanyin ya mutu, ɓangaren da ke karanta shi ya yi ƙorafi yadda ya kamata, sai manhajar ta haɗiye ƙorafin ta ci gaba da nuna lafiya lau. Firjin ya daina sanyi ba wanda ya sani, aka yi wa garken Arɗo Buba lalatacciyar allura. Cuta ta zo, ta kwashe masa shanu.

Na tambayi Nura dalili. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, gani na yi bai dace na'ura ta riƙa tayar wa manya hankali ba." Tarbiyya ce ta sa shi, ba mugunta ba, ga shi kuma daga ajina ya fito. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Da Yaya na raye ba zai yi faɗa ba, kallona kawai zai yi, wallahi gara faɗan.

Bai bar gini ba, bai bar littafi ba, wannan gargaɗin kaɗai ya bar mana. Na tafi Fagam da kaina. Arɗo, wanda bai san musabbabin asararsa ba, ya shimfiɗa min tabarma ya ce, "Hajiya, lafiya dai?" Amsar da na saba ta zo bakina, na danne ta.

Na ce, "Baba, ba lafiya ba."