Shingen Bini-da-zugu

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ilimina bai wuce firamare ba, ina tsoron in faɗi abu ba daidai ba a kan karatun manya, ko in ɗora wa ƙanena laifin da bai yi ba. Amma na rasa wanda zan tambaya.

Mu biyu Baba ya bari, da gona ɗaya a hanyar Kaboji, ba a raba ta ba. Ni ke nomanta, ina kuma sayar da hatsi a kasuwar Kontagora. Ƙanena ya tafi jami'a karatun hulɗar ƙasa da ƙasa.

Wani hutu ya same ni a rumfa ina tsintar wake, ya zauna kan buhun masara da littafinsa. Na ce, "Malam ɗan boko, yau me aka koya maka?"

Ya ce, "Riyalizim, Yaya."

"Ci ake yi ko sha?"

Ya yi dariya har ya ƙware. Sai ya yi min bayani da Hausa: wai ƙasashen duniya ba su da alƙalin da ke bisansu, don haka kowace kanta take karewa. Kuma babu mai sanin abin da ke zuciyar maƙwabciyarta. In ɗaya ta gina katanga don tsoro kawai, ɗayar sai ta ɗauka shirin faɗa ne, ita ma ta gina tata.

Na ce, "To ba sai ta faɗa mata ba?"

Ya ce, "Ko ta faɗa, wa zai yarda? Mai mugun nufi ma haka zai ce."

Na koma kan wakena, amma maganar ta zauna min.

Bayan shekara biyu na dasa rogo a rabin gonar na gabas. Rogo yana kai rani a ƙasa, lokacin da ake sakin dabbobi, sai na kewaye shi da bini-da-zugu, tunda awaki ba sa ci. Wallahi rogon kaɗai na tuna. Ban tuna cewa a wajenmu da wannan icen ake shata iyaka ba, ban kuma lura layin ya bi tsakiyar gonar daga gindin ɗorawa har bakin rafi ba.

Da ya gama karatu ya zo, muka hau babur muka je. Ya tsaya ya daɗe yana kallon shingen. Ya ce, "Yaya, ashe an yi rabo." Da murmushi ya faɗa.

Na buɗe baki zan ce saboda awaki ne, sai na tuna maganarsa ta rumfa: mai mugun nufi ma haka zai ce. Na yi shiru. Wannan shirun ne ya fi damuna yanzu.

Ya sami aiki a nesa. Yana kira ranar Juma'a, ya gaishe ni cikin ladabi, ya tambayi yara. Gona ce bai sake ambata ba. Da kaka nakan aika masa buhu a mota, ya turo saƙon godiya, kamar wanda baƙo ya yi wa kyauta.

An daɗe da cire rogon. Shingen kuwa ya fi ni tsawo. Sau uku ina zuwa da adda. In na sare, kada ya ce na haɗe rabonsa da nawa. In na bari, na tabbatar masa da zatonsa. Sai in zauna gindin ɗorawa ni kaɗai har rana ta yi zafi, in dawo. Wataƙila ma wasa yake yi ranar nan, ni ne na ɗauka da nauyi. Ban sani ba.

Don Allah, wanda ya yi wannan karatun a cikinku ya sanar da ni. Littafin da na gani a hannunsa mai kauri ne, shafi kaɗan ya fassara min. A can gaba, akwai inda aka faɗi abin da mai katanga zai yi har maƙwabcinsa ya yarda da shi? In akwai, a bayyana min da Hausa mai sauƙi, kafin damina ta sauka shingen ya ƙara tofo.