Ɗan Sama da Makullin Saman Bene

Aikinsa duba abin da mutane suka fitar daga jikinsu ne. A ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti yake, kuma tun yana saurayi abin da yake yi ke nan: a miƙo masa 'yar roba ta taga, ya buɗe, ya lakato kaɗan da tsinke, ya shafa a gilashi, ya kafa ido a madubin likita yana neman ƙwan tsutsa. Fitsari, majina, bayan gida, duk ta hannunsa suke bi. Ana gaya wa mutane su kawo kamar ƙwayar wake. Wasu sai su cika robar har murfi ya ƙi rufuwa, su naɗe ta a leda, su miƙo da murmushi kamar sun kawo tsaraba. Ya yi wa manya gwaji, ya yi wa ƙanana, yakan kuma ce bai taɓa ganin tsutsar da ta san muƙamin mai ita ba.

Wanda ya daɗe yana yi wa ƙasa irin wannan kallo, in ya koma kallon sama ba a ga laifinsa ba. Mu 'yan haya a benen da yake zaune Ɗan Sama muke ce masa. Ba ya musabaha in yana da yadda zai yi. Da gwiwar hannu yake tura ƙofar gida. In zai hau matakala, inda zarni ya riga kowa kama haya, sai ya riƙe numfashi tun daga ƙasa, ya isa hawa na biyu idanunsa sun yi ja. Matarsa, malamar firamare ce, ta saba jira ya gama haki kafin ta yi masa sannu da zuwa.

Abu biyu yake ƙauna a duniya, kuma dukansu hanyar barinta ce. Na farko madubin hangen nesa, na hannu ya saya, fari, mai kama da bututun ruwan sama da aka ɗora a kan ƙafa uku. Da audugar asibiti yake goge shi. Na biyu wata manhaja ce a kwamfutarsa, wadda ke zana sararin sama gaba ɗaya. Ka nuna mata a taswira inda kake tsaye, ta nuna maka abin da ke bisa kanka. Kana iya tura lokaci gaba ka ga inda wata zai kasance baɗi, kana iya tashi ka zagaya duniyar nan mai zobe ka dawo shayinka bai huce ba.

"Zo ki gani," yakan ce wa matarsa. "Duk faɗin nan, babu ƙuda ko ɗaya."

"Na gani, maigida. Ɗaga ƙafarka zan share."

Da farko garinmu ya nuna wa manhajar. Wata rana da ya dawo daga aiki, bayan wata roba ta fashe masa a hannu, sai ya kama alamar nan ta taswira ya ja ta kudu, ya tsallake ƙasashe, ya shiga teku, ya ajiye ta a kan wani ɗan tsibiri da babu mutum ko ɗaya a cikinsa. Sama ta cika da taurari kamar an watsa gishiri. Can ya zauna. Watanni suka shuɗe, shekara ta zagayo, har ya manta ƙaura ya yi. Babu abin da zai tuna masa, don daga saman benenmu ba a ganin taurarin kirki da za a gwada da na kwamfuta. Fitilun gidan mai da hayaƙin janareto sun cinye su, sai wata da 'yan ɗige-ɗige biyu ko uku. Watan kuwa a kife manhajar ke nuna shi, madubinsa ma a kife yake nuna komai, don haka ya ɗauka sun yi ittifaƙi.

Saman benen fili ne na siminti, da tankin ruwa a gefe da igiyar shanyar matarsa. Ƙofarsa da kwaɗo, makullin kuma yana hannun Hajiya mai gidan, wadda ke zaune a ƙasa. Kullum bayan faɗuwar rana sai ya je ya rusuna ya karɓa, in ya gama ya mayar. Likita take ce masa, don a wurinta duk wanda ke warin asibiti likita ne.

Ana haka sai ɗan ƙanwar Hajiya ya bayyana, wani ƙato mai fara'a da ke soshe kunne da makullin babur. Ya hau sama, ya taka filin da ƙafa, ya sauko da shawara: a ba shi wurin ya zuba kaji. Tun bai sayi ko ɗan tsako ba muka sa masa Mai Kaji.

Ɗan Sama ya samu Hajiya a barandarta. Mai Kaji na zaune a gefe yana duba abin da makullin babur ya ciro daga kunnensa.

"Hajiya, kaji a bisa kanmu? Kin san abin da kaza ke yi in ta ci ta ƙoshi?"

"Ƙwai," in ji Mai Kaji.

"Ba shi nake nufi ba."

"To Likita," in ji Hajiya, "tun yaushe kake hawa sama, me ka taɓa sauko mana da shi? Ranar da ka ce in leƙa duniyar nan taka mai zobe, ɗigo na gani kamar ƙwarƙwata. Wannan yaron ko ba komai zai sauko da abin soyawa."

"Inna, har da taki," Mai Kaji ya ƙara.

Ɗan Sama ya nemi a ba shi zuwa gobe. Ya hau ɗaki ya buɗe kwamfuta, ya dinga tura lokaci gaba yana neman abin da zai cika idon tsohuwar da ta raina duniya mai zobe. Bai yi nisa ba ya ci karo da shi. Ranar Asabar ta sama, bayan azahar, wata zai shiga gaban rana ya rufe ta ruf. Ya maimaita ya sake maimaitawa, kowane karo allon ya yi duhu, taurari suka fito da rana tsaka. Da safe ya sauka ko numfashi bai riƙe ba.

"Hajiya, ranar Asabar za a yi husufi. Rana za ta ɓace, ki ga taurari kina zaune a saman gidanki."

Hajiya ta dube shi ta saman tabarau. "In ta ɓace, makulli naka ne, ka rataya a wuya. In ba ta ɓace ba, kaji."

Matarsa ce kaɗai ta yi tambaya. "Maigida, abu babba haka, ni ban ji a rediyo ba."

"Rediyo?" Ya ja tsaki. "Mutanen da tallar maganin basir ke ci musu rabin labarai? Su ɗaga kai su ga me?"

Ba ta ja da shi ba, don ita ma igiyar shanyarta na cikin maganar.

Kwanakin da suka rage a wanke saman bene ya ƙarar da su. Ba zai yarda babban al'amari irin wannan ya sauka a kan ƙazanta ba. Ya sa safar hannu da takunkumi, ya leƙa bayan tanki, inda shi kansa bai taɓa kai fitila ba. Ya tarar da kunzugun jarirai da aka jefo daga benen maƙwabta, da mushen ɓera da ya bushe ya zama kamar silifa, da gorar ruwa cike da abin da kallo ɗaya ya yi masa ya san mai shi na bukatar ganin likita. Ya kwashe, ya zuba ruwan bilic, ya goge har simintin ya yi fari. Sannan ya je wurin mai walda na bakin titi ya aro baƙin gilashin da ake kare ido da shi, ya wanke shi da sabulu, ya bi shi da auduga.

Ranar Asabar gidan duka ya hau sama, har da mai walda da ya biyo gilashinsa. Aka kawo wa Hajiya kujera da lema. Ɗan Sama ya sa farar rigar aikinsa, wankakkiya, ya ajiye kwamfuta a inuwar tanki, ya gargaɗi kowa kada ya kalli rana da ido tsirara. Gilashin walda ya fara zagaye. Na farko ya hura masa iska ya goge da riga. Na biyu ya tofa masa yawu don ya fi haske. Kafin ya kai hannun Hajiya ya sha man gashi da gumin goshi, da wani abu mai danƙo daga hannun yaran hawa na uku. Ɗan Sama ya kau da kai. Mai Kaji kuwa bai nemi gilashi ba. Tef ya zo da shi, yana auna bango cikin natsuwa.

Lokaci ya yi. A allon kwamfuta wata ya gutsiri gefen rana.

"An fara," in ji Ɗan Sama.

Mai walda ya ɗaga gilashi. "Likita, tawa dai a cike take."

"Ka ba ta lokaci."

Aka ba ta. A allo rana ta koma rabi, ta koma kamar yankan farce. A sama kuwa tana nan ƙatuwa da ita, tana gasa mana ƙeya. Hodar matan gidan ta fara gangarowa wuya. Wani jariri ya yi abin da jarirai ke yi, uwarsa ta waiwaya tana neman bayan tanki. Can allon ya yi baƙi ƙirin, wani farin zobe ya kewaye wata, taurari suka fito reras. Mutane suka bar sama suka yi wa kwamfuta rumfa, suna numfashi a wuyan Ɗan Sama.

"Kai, ai ga shi nan ana yi a ciki!"

"Wallahi ya yi kyau. A mayar baya, ban ga farkon ba."

Matarsa ta sunkuya, ta daɗe tana kallon ƙasan allon, ba samansa ba.

"Maigida, wannan ruwan fa? Yaushe muka yi teku a unguwar nan?"

Ya duba. Ruwa ne shimfiɗe har iyakar gani, da baƙin dutse a gefe. Kullum yana nan, shi ne dai ba ya kallon ƙasa in ba biyansa za a yi ba. Ya buɗe taswira, ya ga alamar a inda ya ajiye ta tun ranar da roba ta fashe. Bai ɗora wa manhajar laifi ba, bai ce zafi ne ya taɓa kwamfuta ba. Ya miƙe, ya gyara farar rigarsa, ya fuskanci lema.

"Hajiya, ana yin husufin. Sai dai ba a nan ba."

"A ina?"

"A inda na ce wa kwamfuta ina zaune. Wani tsibiri ne, can kudu."

"Ikon Allah. Ina karɓar hayarka, ashe ka tashi. Su wa ka samu a can?"

"Babu kowa. Sai tsuntsaye."

Mai Kaji ya saki tef ɗinsa ya nannaɗe da ƙara. "Haba yaya, ashe kai ma kiwo kake yi, ka ɓoye mana."

Hajiya ta kwance makullin daga bakin zanenta ta miƙa wa ɗan ƙanwarta. "To Likita, sai ka nemi makullin can ɗin." Aka taimaka mata ta sauka. Mai Kaji ya tsaya ya shafa simintin da tafin hannu, ya yi wa Ɗan Sama godiya ta tsakani da Allah, ya ce bai taɓa ganin wanki irin wannan ba, an rage masa aiki. Sannan ya miƙo hannun don su gaisa.

Yau kejin kaji ne jere daga ƙofa har tanki. In an yi ruwa, abin da ke gangarowa ta bututu ba ruwa kaɗai ba ne, kuma ta gefen tagar Ɗan Sama yake bi. Zarnin matakala ya samu abokin hira. Matarsa a lungun ƙofar ɗaki take shanya, kayan ba sa bushewa sai sun yi tsami, ba ta kuma taɓa ce masa komai a kai ba. Takan dai ajiye masa rigar a inda zai shinshina.

Mai Kaji ba mugu ba ne. Ya bar masa wani lungu tsakanin keji na ƙarshe da buhunan dusa, daidai ƙafa uku na madubi da ƙafa biyu na mutum. In rana ta faɗi Ɗan Sama yakan ƙwanƙwasa masa, ya sa takalmin roba da takunkumi, ya hau. Yana cire gashin kaza daga bakin madubi, yana kallon wata, kaji na kallonsa. Ya dawo da alamar taswira garinmu, ya kuma duba yaushe husufi na gaske zai zo saman benen. Da sauran shekaru masu yawa. Da ya gaya wa Mai Kaji, sai ya ce madalla, kafin nan ya ƙara da talo-talo.

Kwanan baya ya nemi bayani a kan tsibirin nasa, abin da bai taɓa yi ba duk zamansa a can. Ya samu hoto. Dutsen da manhajar ke zanawa baƙi, a hoton fari ne fat, tun daga bakin ruwa har ƙololuwa, kuma ba ƙanƙara ba ce. Tsuntsayen sun daɗe a wurin, ba su kuma da mai wanke musu. Ya kalli hoton na ɗan lokaci, ya rufe kwamfutar, ya tashi ya wanke hannu.