Alamar Baba mai tanki a Challawa

Na daɗe ina juya wannan rubutu a raina. Karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron in faɗi kuskure wani ya yi aiki da shi.

Mun tashi da asuba daga Zawaciki, ni da injiniyan kamfaninmu na jimar fata, wanda ya koya mini kwamfuta tun ina share masa ofis a Sharada. A aljihuna akwai filashi mai ɗauke da ɗan rubutun umarni na shel, wato yaren ba kwamfuta umarni, da na yi da hannuna. Aikinsa ɗaya: in tanki bai nuna cike ba kuma famfo a kashe, ya buga ƙararrawa kafin fatun da aka jiƙa su lalace. A Sharada na gwada shi, lafiya lau, ranar kuma a masana'antarmu ta Challawa za mu sa shi.

Kuɗin keke ya ƙaru, amma hanya shiru. Fitilun masana'antu suna iyo a ruwan kwata, ma'aikata na tafe kamar ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa. Na yi gyangyaɗi, na ga tankuna suna gaishe ni ɗaya bayan ɗaya, sai warin jima ya tashe ni a Challawa. Muka sha koko da ƙosai a bakin get.

Dattijon da ke kula da tanki yana da al'ada: in ma'auni ya ƙi karantuwa, alamar motsin rai (!) yake bugawa a kwamfuta. Na sa rubutuna a kwamfutarsa, ya buga alamar, famfo a kashe. Ƙararrawa shiru.

"Malam mai kwamfuta," in ji shi, "abin naka kurma ne?"

"Ku yi haƙuri, Baba, a Sharada yana ji."

Injiniya ya leƙa. Ashe na cusa sharuɗɗan biyu cikin baka ɗaya, wato [ ], na haɗa su da -a mai nufin "kuma". Ya ce an daina wannan, shi da -o mai nufin "ko", don kowace na'ura da yadda take fahimtarsu. Wannan tsohuwar na'urar ta Challawa ta ɗauki alamar Baba a matsayin umarni, ba karatun ma'auni ba. Na ba kowane sharaɗi bakansa, na sa && a tsakani a madadin -a. Baba ya sake bugawa. Ƙararrawa ta tashi har tattabarun kan rufi suka watse.

"To, ya warke," in ji Baba.

Daga nan muka wuce reshenmu na Bompai, can ma ta buga. Sau bakwai na gwada, sai da injiniya ya ja ni muka je cin gurasa.

Na dawo gida da la'asar, ƙarar na bin kunnena. Na gane aiki a na'ura ɗaya ba shaida ba ne. Don Allah, wanda ya san wata alamar da masu gadin tanki ke bugawa, ya sanar da ni kafin a sake jiƙa fata.